Na Jinkirta Tafiyar Inna

Gummi, ranar Laraba.

Yaya Bello,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki? Ya Yaya Hadiza da yara, ya zafin Legas? Mu nan lafiya lau, shinkafar fadama ta fara nuna.

Yaya, na kasa ɗaga wayarka ne saboda kunya. Ka ce in sa Inna jirgi daga Sakkwato ta zo a yi mata aikin ido, tunda bayanta ba ya jure doguwar mota. Sai na ji a rediyo cewa wa'adin wani harajin da gwamnati ke ɗorawa kan tikiti zai ƙare ƙarshen wata. Na ce bari in jira ya sauka, ban shawarce ka ba. Har a majalisa na yi ta bugun ƙirji cewa na san kan abin.

Da wata ya ƙare, gwamnati ta ƙara wa harajin wa'adi, wai na wucin gadi. Tikiti bai sauka ba, ranar da likita ya ba Inna kuma ta wuce.

Ta riga ta yi sallama da maƙwabta, ta ɗaure kayanta. Da na faɗa mata, sai ta ce, "Ba komi, Sani, dama tsoron jirgin nika yi." Jiya na gan ta tana laluben bango tana neman buta, na kasa shiga gidan.

Don Allah ka roƙi likita ya ba mu wata rana, ko jibi ce zan kawo ta. Ka gaida Kawu Ummaru. A sa idon Inna cikin addu'a, ni kuma ka yafe mini.

Ƙanenka,
Sani