Siyami, Kalmar da Za Ta Kawo Ki Madina

Al-Khalidiyya, Madina
Laraba, bayan La'asar

Zuwa ga Tasallah, sanyin idona, inuwar da nake fakewa in rana ta take, ruwan farko da ke sauka a busasshiyar ƙasa har ƙamshinta ya tashi! Amincin Allah ya tabbata a gare ki, tun daga birnin Manzon Allah har bakin ƙofarki a Gusau.

Albishirinki! Ki ce goro, ki ce fari tas! Na samo, Tasallah! Na samo abin da za ki ci!

Yau kwana ashirin da fitowar bizarki, kwana ashirin kuma da kika ce mini a waya in bar ki a gida. Kika ce tun da likita ya raba ki da nama da kifi da ƙwai da nono bayan jinyarki ta bara, me za ki ci a garin da ko shinkafa sai an dafa ta da romon rago? Kika ce gara ki zauna kusa da Inna, inda zogale ke bayan ɗaki. Sai kika rage murya kika ce ba kya son ki zame mini nauyi. Nauyi? Ke? Wannan kalmar ta yi mini zafi, ba zan ɓoye miki ba. Bizar nan kuwa ba ta jiran kowa, wata biyu suka rage mata, karatuna kuma da sauran shekara biyu cur. Ina zan kai shekara biyu ba ke?

Washegarin wayar nan, ina fitowa daga darasi, na shiga gari neman abincinki. Na fara da gidajen abincin da ke kewaye da Harami, da Larabcina na aji mai wasali daidai. Na ce wa mai abinci bidun laham, wato ban da nama. Sai ga kaza! Na ce ai kaza nama ce, ya dube ni kamar na ce rana daga yamma take fitowa. A wani wurin aka zubo mini miyar ganye shar, har na fara murna, ashe romo ne ƙasanta. A wata rumfa wajen Uhudu na ga wake, na ce alhamdu lillahi, kafin in rufe baki an kwarara masa man shanu yana iyo. Ranar na koma ɗaki jikina a sanyaye, na ce anya Tasallah ba ta fi ni gaskiya ba?

Sai Larabar da ta wuce. Nan unguwarmu, bayan wani kantin magani, akwai ɗan shago mai tebur uku, na wani Bamisire mai suna Haisam, mai tumbi da fara'a. Na tsaya gabansa ina lissafo masa da yatsu: ban da nama, ban da kaza, ban da romo, ban da ƙwai, ban da nono da man shanu. Ya tafa hannu ya ce ai siyami nake nema, me ya hana ni faɗa tun farko? Ni kuwa malaminki na tsuke fuska. Na ce masa ba azumi nake ba, yau Laraba ce, ba Litinin ba, ba Alhamis ba, kuma wa ya taɓa ganin mai azumi yana neman abinci rana tsaka? Bawan Allah nan ya yi dariya har sai da ya dafa tebur. Ya ce a garinsu can Misra, maƙwabtansu Kirista in suna azuminsu sukan bar duk abin da ya fito daga mai rai, to girkin wannan lokaci shi ake kira siyami, kuma masu girki, Musulmi da Kirista, duk sun san kalmar. Ya ce kifi kaɗai zan riƙa tambaya, don wasu azumin ana cin sa. Shekara huɗu ina haddar nahawu, kalmar da nake bukata tana bakin mai suya!

Wayyo, da kin ga abin da ya jera mini! Kushari: shinkafa da taliya da ƙananan wake, da miyar tumatir, da soyayyiyar albasa mai ƙaras-ƙaras a kai. Garau-garau ne, Tasallah, garau-garau da ya je makaranta! Ga ful, wake ya dahu luguf da man zaitun da lemon tsami. Ya kawo wata koriyar miya mai yauƙi yana ta yabon ta, wai mulukhiyya, abincin manya. Na sa cokali na ɗaga, sai na fashe da dariya: lalo ne! Lalonmu da ke fitowa a bakin gona ba wanda ya shuka shi! Da romon kaza suka saba yin ta, amma ya ce taki da ruwa da tafarnuwa zai riƙa yi. Bamiyarsu kuɓewa ce, karkadensu zoɓo ne. Ashe duk tsoron nan da muke yi, sunaye kawai aka sauya mana.

Da ya tsoma ta'amiyya a mai, ƙosansu ke nan, cikinsa kore saboda ganye, ƙamshin ya ɗauke ni cak ya dire ni a tsakar gidanmu. Kin tuna safiyar da ruwa ya tsare mu, watanmu ɗaya da aure? Kina suyar ƙosai a ƙofar madafa, na miƙa hannu na saci ɗaya daga matsami, ya ƙone ni, ina ta yarfe yatsu. Kika ce Allah ya ƙara, sannan kika kama yatsan kina hura masa iska, kina dariya har da hawaye. Ya hasken rayuwata, a shagon mutane, gaban Bamisire, ƙwalla ta cika mini ido. Na ce masa yaji ne. Bai yarda ba, sai dai ya ƙara mini guda biyu.

To ki zo, farin cikina! Ki zo, kurciyata! Haisam ya ce matarsa Sara za ta raka ki kasuwa, ta nuna miki inda ake sayen kowane ganye da kowane wake. Na rubuta sunayen abincin nan da duk abin da ake zubawa a ciki, takardar na cikin wannan ambulan. Ki kai wa likitanki ya duba, abin da ya soke mun soke shi. Me ya rage kuma? Wace hujja za ki kawo mini yanzu?

Akwai abin da ban gaya miki ba. Tun ranar wayar nan ban sa nama a bakina ba, ni da kika sani ba na wuce mai tsire in ban tsaya ba. Na so in gwada a jikina kafin in kira ki, kuma ga ni garau, wandona ma ya fara matse ni. Ba kuma gwaji ba ne yanzu. Na ɗaukar miki alkawari, Allah ne shaida: a gidana ba za a ɗora tukunya biyu ba, taki daban tawa daban. Abin da kika ci shi zan ci, a Madina ko a Gusau, bana da baɗi, har tsufa ya zubar mana da haƙora mu koma shan kunu tare.

Ki ce mini in yanki tikiti, Tasallah. Na gaji da cin abinci ni kaɗai.

Naki, wanda ba shi da wata sai ke, yau da gobe da ranar da ba gobe,
Mu'azzam