Sunan da Ke Bayan Faifan

Urno, 3 ga Oktoba

Zuwa ga Toma,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lahiya kai da yara. Ni ne Mahfuzu, wan matarka. Shekara goma sha ɗaya ban taka gidanka ba, ka kuma san dalili. Ranar da Hafsa ta bi addininku ta aure ka, na ce ba ni da ƙanwa. Yanzu maganata ta tabbata, ga shi ba ta yi mini daɗi ba.

A bakin wani direba muka ji rasuwarta, bayan kwana tara. Inna ba ta yi kuka gaban mutane ba, amma ta bar cin tuwo. Direban ya ce kafin ta rasu ka ɗauki muryarta a faifai. In gaskiya ne ka aiko, ba don ni ba, don tsohuwa. Mushe, malamin lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, yana da rediyo mai cin faifai, ya ce zai ara mana.

Ka huta lahiya.
Mahfuzu

Madawa, 10 ga Oktoba

Zuwa ga Yaya Mahfuzu,

Gaisuwa mai yawa da ban girma. Ka yi wa Inna gaisuwar rashi. Da na san za a karɓe ni, da na zo da ƙafata.

Gaskiya ne. Ba waƙoƙin majami'a ba ne, waƙoƙin daka ne da Inna ta koya mata, guda shida. Tana kwance ta rera su, tana yi tana tsayawa ta ja numfashi. Wani abokina a asibitin mishan, inda nake aikin wanki, shi ya zuba su a faifai. Bayan sati biyu wuta ta ƙone ordinatar tasa, kwamfutar da waƙoƙin ke ciki. Wanga faifai shi kaɗai ne a duniya.

Tsirara ya ba ni shi, sai na yi masa gida. Na juya kwalin magani na yanka, na lulluɓe shi da ƙyallen zanenta mai ruwan ganye, na ɗinke da zare. Ɗinkin ya karkace, kada ka yi dariya, hannun wanki ne. Takardar bayan faifan da bakin kwano na auna ta, na huda tsakiya, na manna da ƙaro. Na rubuta sunan da nake kiranta, Priscilla, da ɗan gicciye irin na kan kabarinta. Kwana uku na yi a kai, da gangan na ja aikin, don na san in na gama ba ni da sauran abin yi mata.

In Inna ta ji ta ƙoshi, a dawo mini da shi. Yara suna saurara kowace Lahadi.

Naka da ladabi,
Toma

Urno, 24 ga Oktoba

Toma,

Ina gaisuwa. Wasiƙa biyu na yage kafin wagga.

Saƙo ya iso. Inna ta gane zanen tun ban buɗe baki ba, ashe ita ta aika mata da shi a ɓoye. Ta sa aka share tsakar gida, ta kira maƙwabta su zo bayan la'asar su ji ɗiyarta.

Ni kuwa da na zaro faifan sai na ga sunan da gicciyen. Na san hannu hannu za a miƙa shi. Na ce bari in ɓare takardar, in an watse in mayar. Na sa reza.

Ƙaronka ya kama da kyau, Toma. Takardar ta taho da wata fata mai ƙyalli, har ina hango yatsana ta cikin faifan. Mushe ya saka shi sau bakwai, rediyo ya juya ya yi shiru. Ya ce muryar a ƙarƙashin takardar take kwance. Wallahi ban san haka ba. Amma na san shi kaɗai ne, kuma na sa masa reza.

Da mata suka watse na gaya wa Inna gaskiya. Da ma ta zage ni. Cewa kawai ta yi, "Kunyar suna kaj ji, Mahfuzu? Ni na haihe ta. Komi anka kira ta, ɗiyata ta."

Ga faifan na dawo maka da shi. Kwalin ta hana. Abu ɗaya ta ce in tambaye ka: a ciki Hafsa ta ambace ta?

Ba ni da bakin neman gafara wurinka da yaran, amma ina nema.

Mahfuzu

Madawa, 9 ga Nuwamba

Yaya Mahfuzu,

Na amsa gaisuwa, na karɓi faifan. Yara sun tambaye ni, ban ba su amsa ba tukuna. Kwalin na Inna ne, ta riƙe.

Ka gaya mata an ambace ta a farkon kowace waƙa.

Kai ma ta yi maka magana bayan waƙa ta huɗu, doguwa. Ta roƙe ni kada in faɗa maka da bakina, ta ce sai ka ji da muryarta za ka yarda. Na yi mata alkawari.

Ka huta lafiya.
Toma