Rumfar da Malam Ya Kafa Mini

Ƙofar Doka, Birnin Zazzau
Mayu, 1975

Zuwa ga autata Asma'u,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya zafin Kano? Mu ma bazara ta sa mu gaba, gumi kamar an watsa wa mutum ruwa. Takaba kuwa ana ta yi, Allah ya jiƙan Malam.

A rumfa nake wuni. Kin tuna shekarar da fukata ta tsananta, na kasa numfashi a ɗaki da damina? Malam ya yi ta zagaya tsakar gida da toka a tafin hannu, yana watsawa sama yana duban inda ta nufa. Kuna ta yi masa dariya, ke kika fi kowa ƙyaƙyatawa, ja'ira. Da haka ya gane iskar damina ta kudu maso yamma take shigo mana, ta gindin mangwaro. Ya rage tsawon katangar wajen, ya kafa rumfa a kan hanyar iskar. Ya ƙi kwano, wai gasa ni zai yi, ya rufa zana. Ya ɗaga dakali saboda laima, ya fitar da rariya, ya shuka ɗoɗɗoya don sauro. Tun daga nan ƙirjina ya sake ni.

To ga abin da ya hana ni sukuni. An raba gado, sashen mangwaro ya faɗa wa yayanki. Na ji ƙishin-ƙishin zai gina ɗakunan haya na bulo, ya ja doguwar katanga tsakanina da baƙi. Asma'u, a bakin iskata katangar nan za ta tsaya. Kin san ɗan fari ne, ko sunansa ban taɓa kamawa ba, balle in zaunar da shi in roƙe shi. Ke ki rubuta masa Kaduna, ki ce ya matsa da ginin wajen zaure.

Ki gaishe da surukarki da kyau.

Mahaifiyarki,
Sakinatu

Yuli, 1975

Asma'u 'yar albarka,

Ina gaisuwa, yaya jikin ƙaramin? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan ruwa ya sauka sosai, alhamdu lillahi.

Ke dai bari. Yayanki ya zo, takardarki a aljihunsa. Ashe ɗauka ya yi rigimarki ce ta auta, ya ce sai ya ji daga bakina. Ya tsuguna a bakin rumfa, kansa a ƙasa, ya tambaya ko akwai abin da ba na so a ginin. Ga gwaggwanninku sun cika dakali suna taya ni zama, duk sun zuba mini ido. Wallahi maganar ta zo har maƙogwarona. Iska tana kaɗa bakin mayafina, kamar tana ce mini in faɗa. Na kawar da fuska, na ce Allah ya yi masa albarka. Shi ke nan abin da na ce.

Ya tashi da murna, Allah sarki. Da ya fita na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba ko ranar da aka fita da Malam. Jiya mota ta sauke bulo a ƙofar gida.

Ki sa ni a addu'a.

Mahaifiyarki,
Sakinatu

Satumba, 1975

Asma'u,

Ina yi miki fatan alheri, ke da mutanen gidan. Na fita takaba lafiya, zanen da kika aiko ya iso, an gode.

An gama. Katanga ta fi tsawon mutum da hannunsa a miƙe. Mangwaron ma sun sare shi, magina sun ce saiwarsa za ta fasa harsashi. Rumfa tana nan ba wanda ya taɓa ta, sai dai yanzu ba ta da bambanci da ɗaki. Rana tana dukan bulo, bulo yana huro mini zafi. Laima ba ta bushewa, dakali ya yi gansakuka, ɗoɗɗoyar ta ruɓe. Fukar ta dawo.

Kada ki ga laifin yayanki. Ya jawo mini lantarki, ya kawo fanka sabuwa fil, shi da kansa ya ɗaura ta yana ta fara'a. Na sa masa albarka. Kada ki gaya masa komai, ina amfanin ya ji bayan siminti ya bushe? Tambayata ya yi, ni ce na yi shiru. Wannan shi ke cin raina.

Ba Malam kaɗai na rasa ba, 'yata. Muddin iskar nan tana shigowa, ji nake yana nan yana kula da ni. Shekaranjiya da la'asar hadari ya haɗo ta kudu, ina jin itatuwan maƙwabta suna kaɗawa. Na ɗebo toka a murhu, na tsaya daidai inda yake tsayawa, na watsa sama.

A kan ƙafafuna ta zubo.

Idan maigidanki ya yarda, ki zo mini ko na kwana biyu ne.

Mahaifiyarki,
Sakinatu