Abokina yana tashin jirgi da katin da ya rubuta wa kansa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a sakaya sunana, don Allah ku ba ni shawara, abin ya hana ni sukuni.

Ni ɗan wajen Kura ne, ina makarantar koyon tuƙin jirgin sama tare da abokina, bari in kira shi Nura. Gonar shinkafarsu da tamu bakin kanal ɗaya suke shan ruwa, tare muka taso, tare muka samu gurbin nan. Gaskiya ya fi ni hannu nesa ba kusa ba, har an sa masa ranar solo, wato tashinsa na farko shi kaɗai ba malami a gefe, ni kuwa har yanzu saukata sai a hankali.

A makaranta akwai ceklis da hukuma ta amince da shi, kati ne da ake bi layi-layi ana duba komai kafin a tashi. To Nura ya ce tsarin yana sa hannunsa tsalle-tsalle, sai ya rubuta nasa, daga hagu zuwa dama, wai kamar yadda ake sakin ruwa fangali bayan fangali. Na makaranta yana kan cinyarsa don idon Kyaftin, malaminmu, amma nasa yake bi. Da na karanta nasa sai na ga ya haɗe layi biyu wuri ɗaya, duba yawan mai da duba makunnin da ke zaɓar tankin da injin zai sha. Rannan ina kujerar baya, da idona na ga ya tsallake makunnin yana kan tankin da ya kusa ƙarewa, Kyaftin ya miƙa hannu ya juya, ya ɗan yi masa faɗa, ya ɗauka mantuwa ce kawai.

Na samu Nura mu biyu na faɗa masa, ya ce ai ya gyara a kansa. Na ce ya yaga katin, sai ya ce dama ya lura tun da aka sa masa rana fuskata ta canza. Wallahi maganar nan ta yi min ciwo, har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

In na kai wa Kyaftin, za a iya ɗage solon, ko a rubuta masa a fayil, kuma a garinmu sunana ya zama mai hassada, har iyayenmu sai abin ya shafa. In na yi shiru, ranar solon babu mai miƙa hannu ya juya masa makunnin.

Jiya na zo gida hutun ƙarshen mako, mahaifiyar Nura ta tare ni a hanyar gona ɗauke da kwandon tumatir. Ta ce ita ba ta san komai a harkar jirgi ba, ni ne idonta a can, in gaya mata tsakani da Allah, yaron nan ya shirya? Na ce ya shirya, Inna. Ta yi ta sa min albarka.

Jibi zan koma makaranta. Jama'a, in je ofishin Kyaftin ko in bar maganar yadda na faɗa mata?