Ƙararrawa Ta Katse Ni Ina Tsakiyar Gaisuwa

Zuwa ga Mai Girma Fada, shugaban ikilisiyarmu, da dattawan majalisar coci.

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu Kristi. Ina fata kana lafiya, ya aiki, ya gajiyar azumi, ya mutanen gida can ƙauye? Ka bar ni in gama gaisuwata a nan, tunda takarda ba ta da ƙararrawa.

Ni ce Monika ta Abakpa, tsohuwar da ke zama kusa da taga a Mas ɗin Hausa. Kai sa'an jikana ne. A al'ada da maigida zan riƙa ce maka ina neman kuɗin cefane, amma ka riga ka yi wa Allah alkawari, na haƙura. Na rubuta a fili ne domin maganar ba tawa ce ni kaɗai ba. Karatuna a firamare ya tsaya, a yi haƙuri da rubutun.

Na farko. A cikin azumin bana ka sanar cewa ikilisiya ta shiga sabon tsari na tafiya tare, za a zauna a saurari kowa, har mu na baya. Na ɗaura zanen zumunta na zo. Aka jera kujeru a zagaye, aka ce kowa minti biyu, aka ba sakataren majalisa ƙaramar ƙararrawar nan ta bagadi. Da aka zo kaina, na gaishe ka, na gaida shugaban majalisa, na yi wa matar katikis barka da haihuwa, na yi wa mutanen Doka gaisuwar rashin da suka yi. Ina buɗe baki in shiga magana, sai ƙararrawa. Ina tambaya don in sani: wanda ya yanka minti biyun nan, ya taɓa zama da tsohuwa? A inda na tashi, wanda ya fara magana bai gaisa ba, fushi yake yi.

Na biyu. Bayan ƙararrawar ta kaɗa aka ce kowa ya yi shiru, a saurari Ruhu Mai Tsarki. Shirun ya fi lokacina tsawo. Ban yi kishi ba, ya girme ni. Amma Lahadin da ta biyo da aka karanta abin da taro ya faɗa, sai na ji an ce Mama Monika ta nuna godiya ga shugabanni. Fada, godiya ina da ita, amma ba ita ta fito da ni da ciwon gwiwa ba.

Na uku, ga abin da ya kawo ni. Ƙawata Laraba, ita ta ce in faɗi sunanta, wai ai kowa ya san bencinta. Tun muna 'yan mata aka yi mana baftisma tare. Ta auri mutumin da ya ƙi auren coci, ya ce akuyoyin da ya kai gidansu sun isa shaida. Tun daga ranar, bisa dokar coci, ba ta ƙara karɓar Jikin Kristi ba. Ta share cocin nan, ta buga tulu a waƙar mata, ta dafa wa kowane Fada da aka kawo mana, amma in an tashi layin karɓa sai ta janye ƙafafunta mu wuce. Mijin ya rasu da daɗewa, tun kafin a kawo ka. Ita kuwa tana nan tana janye ƙafa.

Bara na je jana'iza a ƙauyenmu, na ga wata gwauruwa mai labari irin nata ta shiga layi ta karɓa. Na ja ta gefe na tambaye ta. Ta ce Fadansu ne ya kira ta bayan rasuwar maigidanta, ta furta zunubanta, shi ke nan. Na dawo da abin a raina. Haka dokar take? In haka ne, aikin wa ne ya gaya wa Laraba? Ita ba za ta tambaya ba, tana ganin hukuncin har kabari ne. Na je ofishin coci a kan maganar, aka ce in kai majalisa. Majalisa ta ce in jira taron sauraro. Ka ji yadda taron ya ƙare.

Yanzu Laraba tana kwance a ɗakin da take haya a Unguwar Dosa, ɓarin jikinta ɗaya ba ya motsi. Hajiyar da ke da gidan ce ke dama mata kunu. Ran nan Hajiyar ta tambaye ni, ba da mugun nufi ba, ko malamanmu ba sa zuwa dubiya. Ni da ba a raba ni da amsa, sai na kama gyaran ɗankwali.

Ga roƙona. A taro na gaba a bar tsofaffi su gama gaisuwa kafin a fara ƙirga. Kafin a karanta wa jama'a abin da mutum ya ce, a tambaye shi ko shi ke nan abin da ya zo faɗa. Ranar Lahadi kuma, lokacin karɓa, ka ɗaga kai ka dubi benci uku na baya. Akwai matan da ke zaune, wasunsu mazansu sun daɗe a ƙasa. A bi su ɗaya ɗaya a ji labarinsu, don ba za su taɓa ɗaga hannu a taro ba.

Babban roƙon shi ne ka zo wurin Laraba cikin makon nan. In na fahimci dokar daidai, ka taho da abin da ta yi shekaru tana kallo daga nesa. In kuwa na yi kuskure, ka zo ka gaya mata da bakinka, ni ma in ƙaru. Zan jira ka a bakin layi in nuna maka gidan. Bakinta ya yi nauyi, maganarta a hankali take fita, sai ka zauna. Jiya ta sa na wanke mata farin ɗankwalinta na zuwa coci, ban tambaye ta dalili ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya ba dattawan majalisa haƙuri da irinmu, ya sa ka iske Laraba da sauran magana.

Wassalam.

Kakarka cikin Kristi,
Monika, Abakpa, Kaduna.