Mayafinki Ba Zai Hau Babur Ɗin Ahnaf Ba

Zuwa ga Zinnira, farin watan Gammo, zuma mai tafe da harbinta, ruwan randa mai sanyi da kunama a gindi, kurciyar da ta koyi farautar shaho ba wanda ya sani.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki yadda ya kamata, don tarbiyya ba ta bar ni in fara da faɗa ba. Ina gajiya, yaya mahaifinki Malam da ɗalibansa, yaya Inna da ciwon ƙafarta, yaya keken ɗinki? Shi na fi tambaya, keken nan, tunda da shi aka yanka ni. Ina fatan allurarsa ba ta karye ba garin ɗinka mini tarko. Lafiyata kuwa, ki tambayi gwaggonki Uwaliya mai tuyar awara a bakin dam. Na san labarina ya riga wannan takarda isowa gidanku a bakinta, ta kuma barbaɗa masa yaji fiye da yadda take barbaɗa wa awarar.

Haba Zinnira! Ni Mudi? Ni da na tashi a kasuwar Gwarzo tsakanin batura da tocila da matattun rediyo, ni da nake gane jabun caja tun tana cikin kwali, ni da dillalan Kano ke gyara zama in sun hango ni? Ashe wadda za ta yi mini ciniki ɗaya ta bar ni riƙe da baki tana nan a Gammo, tana sunkuyar da kai in an ambaci sunanta, tana magana ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron ta tashi tururuwa. Lallai ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ke kuwa ba haki ba ce, ya sanyin idona, ƙaya ce ta aduwa mai fure a kai.

Kin san abin da ɗan jirgin ruwan nan nawa na tsere yake a wurina. Tsawonsa bai wuce hannuna ba, amma damina guda na yi ina fafe shi, ina goge shi da sanfefa har yatsuna suka daina jin zafin shayi. Sandarsa eriyar talabijin ce da na miƙe da kaina. Dalmar da ke ƙarƙashinsa, wadda ke hana shi kifewa, daga mataccen batirin mota na narko ta. Ba shi da inji, ba ya shan mai. Rimot ɗin da ke hannuna wutsiyarsa kawai yake juyawa, ya ja igiya ko ya sassauta, sauran aikin na iska ne da ƙyallen da ke kama ta. Ƙyallen nan shi ne ran jirgi. Lokacin da muka fara, cewa ake ga ƙarti da gemu suna wasan yara a bakin ruwa. Muka toshe kunne, muka kafa ƙungiya, muka ɗora Malam Haladu, tsohon malamin aikin katako, a kan shugabanci. Yau daga garuruwan Jama'a da Sabon Birni ake hawa babur a zo kallonmu ranar Asabar. Wannan suna ni na gina shi da gam da gumi.

Kin kuma san dokarmu. Kada ki ɗaga mini waɗannan idanu naki masu kama da na barewa ki ce ba ki sani ba. Wanda jirginsa ya zo na ƙarshe yakan kwance ƙyallensa ya miƙa wa wanda ya zo na ɗaya, shi kuma ya ɗaura a sanda a bayan babur ɗinsa, ya yi ta zaga kasuwa da shi yana fil-fil har tsere na gaba. Ni ne ma na kawo dokar da bakina, a zamanin da nake zaton kullum ni ne mai ɗaurawa. Na ba ki labarinta ina dariya, kina dariya. Ashe ni dariya nake, ke awo kike.

Kin tuna la'asar ɗin nan a zauren gidanku? Ni ban manta ba, ko da na so. An yi yayyafi, ƙasa tana ƙanshi, muryoyin 'yan Islamiyya na tashi ta bayan katanga. Na kawo jirgin a lulluɓe cikin buhu kamar jariri, na ajiye a tabarma don ki auna masa ƙyalle. Kika durƙusa, tef a wuyanki, allura a bakinki, lallen hannunki ja wur a kan farin fentinsa. Wallahi na ji kishin katako a ranar. Kina awo, ba ki ko ɗago ba, kika tambaye ni wai yaushe manyana za su zo wurin Malam. Na ce sai an yi kaka. Kika ce ai kakar bara ma haka na ce, da ta bara waccan. Na ce miki hatsi mai kyau ba a gaggawar girbe shi. Kika cire allurar daga bakinki, kika yi wani ɗan murmushi, kika ce in dawo jibi in karɓi aikina. Murmushin nan na kwana ina juya shi a raina ina cewa na ci kasuwa. Wayyo Mudi! Murmushin mahauci ne ga rago mai ƙiba.

Da na dawo na kwance ƙunshin, me zan gani? Ba yadin lema ba, mara nauyi, wanda ruwa ke zamewa a kansa, irin wanda kowa ke sawa. Mayafinki ne. Mayafinki mai ruwan goro, mai 'yan duwatsu jere a baki, wanda kika yafa da Sallah har samarin Kabo suka riƙa tuntuɓe. Kin yanka shi kusurwa uku, kin kalmashe bakinsa da ɗinki mai kyau kamar rubutun allo, yana tashin turaren wuta da humra. Wane namiji ne za a ba shi wannan ya tsaya taɓa yadi? Ɗan kasuwar da ke cikina ya yi raɗa ya ce auduga ce, za ta sha ruwa, duwatsun nan nauyi ne. Masoyin da ke cikina ya daka masa tsawa. Na ɗaura, ina tafe ina shinshina, kamar jakin da aka rataya wa dusa a gaba.

Sai ranar Asabar. Iska ta taso daga gabas mai kyau, dam ya yi tsikar jiki. Muka saki jiragen, suka nufi jarkar da muke ɗaurewa a tsakiyar ruwa don a zagayo ta. Da farko nawa ne a gaba, mayafinki ya cika da iska ya yi tumbi, duwatsunsa na walƙiya a rana, har na fara tausayin sauran. Iska ta ƙara ƙarfi, jirgin ya karkata kamar yadda kowane jirgi ke yi, bakin ƙyallen ya taɓa ruwa. Shi ke nan. Ya sha, ya ƙara sha, ya sha kamar raƙumin da ya dawo daga Agadas. Na murza rimot hagu, na murza dama, na sassauta igiya, na yi duk addu'ar da na iya. Jirgina ya kwanta a gefensa kamar saniyar da ta ƙoshi, yana kallon 'yan'uwansa suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Har na Ƙasim ya wuce shi, jirgin da aka fafe daga kumfar tsohon firij, wanda bai taɓa wuce ko agwagwa ba! Na naɗe wando na shiga ruwa har ƙugu na ɗauko abina, jama'a na tafi kamar ana biki.

Wa ya zo na ɗaya? Ahnaf. Ahnaf ɗan Alhaji, mai sayo komai ta waya daga ƙasar waje, wanda bai san ta inda ake riƙe zarto ba. Wa ya ɗinka masa ƙyallensa? Na duba ɗinkin, ya tauraruwata, na gane hannun. Naki ne. Yadin lema fes, mara nauyi, an yanka shi daidai. Wato kin san yadin da ya dace. Kin sani sarai! Shi kin ba shi aikin tela, ni kin ba ni dutse a naɗe cikin turare.

Ya matso yana murmushi ya miƙo hannu, ni kuma ina tsaye ruwa na ɗiga daga wandona. Sai wata mata cikin 'yan kallo ta ce ai wannan mayafin 'yar Malam ne na Gammo. Maganar ta bi bakin dam kamar wuta a karan dawa. A nan na hango abin da zai faru: mayafinki, wanda ya taɓa wuyanki, yana kaɗawa a bayan babur ɗin Ahnaf, ta gaban mahauta, ta gaban 'yan tireda, ta gaban masu shayi, ta ƙofar makarantar mahaifinki. Na ce sai dai a kwance hannuna daga kafaɗa. Aka yi ca. Malam Haladu ya sa aka yi shiru, ya shafa gemu, ya ce doka doka ce, kuma mai dokar ne ya faɗa cikinta: kafin Asabar mai zuwa ko in miƙa ƙyalle, ko in bar ƙungiya, jirgina kada ya sake taɓa ruwan nan. Sai ya yi gyaran murya ya ƙara da cewa ƙofa ɗaya ce ta rage, ba a ɗaura suturar iyalin mutum a babur ɗin wani, haka ma ta wadda manyansa suka riga suka je tambaya.

Na juya don in ga ko akwai mai tausayina. Idona ya faɗa kan Uwaliya. Tana juya awara, kanta a sunkuye, kafaɗunta na rawa. Ba hayaƙi ne ya sa ta hawaye ba. Sannan na tuna wane ne ke zama a tabarma ɗaya da mahaifinki duk ranar Juma'a, suna cin goro ɗaya. Malam Haladu! Ruwa ba ya tsami banza. Ashe duk bakin dam ɗin nan ni kaɗai ne baƙo a kasuwar da aka kafa don a sayar da ni.

Muguwa! Kyakkyawar muguwa! Da wace allura kika auna zuciyata har kika san ba zan miƙa ba? Wa ya gaya miki gara in rasa ido da in rasa bakin dam ɗin nan? Kin sa mayafin Sallarki a caca, kin sa sunan gidanku a bakin ruwa, don kin tabbata Mudi zai tare shi da ƙirjinsa. Idan da na miƙa fa? Idan da na zama irin mazan da kunya ba ta kama su? Ba ki ji tsoro ba? Wannan ne ya fi ci mini rai, ya hasken safiyata: kin san ni fiye da yadda na san kaina, kin yi mini kuɗin goro ba ki ko taya ba. Ni ne mai jan mutane da zaƙin baki har su sayi abin da ba su zo saye ba. Wanzami ba ya son jarfa, Zinnira, ga shi kin zauna kin tsaga mini ita a goshi, kowa na gani.

Tun ranar ban ji daɗin abinci ba. Mai saye ya zo neman batir in miƙa masa kwan fitila. Ina jin haushinki kamar barkono a ido, ina kuma ganin fuskarki a cikin hawayen. Na zauna in tsine wa keken ɗinkinki, sai in tuna ƙafar da ke taka shi, tsinuwar ta narke a bakina kamar alewa. Wace irin masifa ce wannan? Ke ce fari, ke ce damina. Ke ce iskar da ta kifar da ni, kuma in ba ke ba, ina zan samu iskar tashi?

To, ki saurara, don ba zan maimaita ba. Ƙungiya ba zan bar ta ba, ni na haƙa rijiyar, ba wanda zai hana ni shan ruwanta. Mayafinki kuma ba zai hau babur ɗin Ahnaf ba, ko da babur ɗin na zinariya ne. Ki gaya wa Inna ta gaya wa Malam kada ya yi nisa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Kawunnaina biyu za su zo daga Sabon Birni da goro da alewa. Na riga na je na durƙusa musu, sun yi mini dariyar da ta fi ta bakin dam ciwo, babban ma cewa ya yi yana so ya ga yarinyar da ta iya sa ni gaggawa. Kada ki ɗauka na yafe. Ban yafe ba. Zan zo da fushina cikakke in ajiye shi a ɗakinki, ki yi ta lallashinsa har mu tsufa.

Sharaɗina biyu, tunda ɗan kasuwa ba ya tashi hannu wofi ko an ci shi. Daga yau allurarki ta yi sallama da jirgin Ahnaf, ya je ya sayo tela ta waya. Kuma ki yanka mini sabon ƙyalle na yadin lema, na gaskiya, kafin Asabar, don ina da bashin kunya da zan sauke a kan ruwan nan. Wannan karon zan taɓa yadin da yatsuna kafin in shinshina.

Mayafin kuwa kada ki aiko a karɓa. Na wanke shi, na shanya, duwatsunsa ba wanda ya ɓace. Ƙanshinki ya tafi da ruwan dam. Yana nan a ninke a ƙasan akwatina, sai ranar da kika shigo gidan da ƙafarki ki mayar masa da abin da ya rasa.

Naki, wanda kika saya da yadi ɗaya kuma ba ki da inda za ki mayar da shi, mai fushi da ke yau da gobe, mai riƙe da ke har ranar da za a naɗe shi a farin yadin da ba tela ke zaɓa ba,

Mudi mai batir,
Kasuwar Gwarzo.