Gilashin Tebur na Sha Bakwai

Oman, 4 ga Yuni, 1997

Zuwa ga Ihsan, uwar Nazar,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da Hajiya. Yaya gwiwar tata? Yaya zafin Atbara? Ko nawa ne, na nan ya fi shi.

Ni ina nan yadda kika sani. In dasa ɗan naman dabba cikin kakin kyandir, in yanka shi ya fi ɓawon albasa siranta, in rina, in manna a gilashi, likitoci su sha yabo. Shekara goma sha huɗu ke nan a kwalejin nan. Dakta Fikri, Bamisiren da ke shugabantar sashenmu, har yau "kai Basudane" yake kirana, kamar ba a yanka mini rago ba.

Makon jiya aka yi jarrabawar madubi. Tebur ashirin, kowanne da madubin ƙara girma da gilashi ɗaya da aka rufe sunansa. Ɗalibi ya leƙa, ya rubuta wane irin nama ne, na shimfiɗa ne ko tsoka ko jijiya ko mai haɗa jiki, kuma na wace dabba. Minti ɗaya in kaɗa ƙararrawa, kowa ya matsa gaba. To yaran nan ba cikin madubin suke kallo ba. Takarda suka gada daga na gaba da su: gilashi mai kumfa a gefe hanta ce, mai tsaga tsokar zuciya, mai gutsurarren baki jinin kaza. Gefen gilashin kawai suke hararowa, kamar masu zaɓen kankana.

Shekaranjiya wata ɗaliba, Zuwaina, ta yi sallama a ɗakin yankana. Ubanta makiyayin raƙuma ne. Maki ɗaya ya kayar da ita, za ta maimaita shekara. A tebur na sha bakwai mutum arba'in da ɗaya sun rubuta jinin kaza, ita ta rubuta na raƙumi. Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi:

"Baba Mirgani, na yarda ƙwayoyin dogaye ne kamar na kaza. Amma na kaza kowace da baƙin ɗigo a tsakiyarta, waɗannan kuwa wayam suke. Sai dai in kazarku tana da tozo."

Na ce mata tun ba ta iya ɗaura ɗankwali ba nake wannan aiki, ta ba ni wuri. Tana fita na sa gilashin a madubi.

Ihsan, raƙumi ne. Rubutun da ke jikinsa kuma nawa ne, na shekara tara da suka wuce. Rana ɗaya na shafa jinin biyu, na musanya musu suna.

Ranar ashirin ga wata ake sabunta kwantiragi, kuma akwai masu jiran kujerata. Ba wanda ya sani sai ni. Ban gaya wa kowa ba, ke ma kada ki gaya wa Hajiya.

Ki gaida kowa.
Naki,
Mirgani

Oman, 15 ga Yuni, 1997

Uwar Nazar,

Ina gaishe ki, ina gaida gida. Allah ya sa Hajiya ta samu sauƙi.

Kwana takwas na ɓoye maganar, abinci ba ya mini daɗi. Na yi ta gaya wa kaina shekara ɗaya ba ta kashe yarinya. Abin da ya hana ni sakat shi ne, cikin mutum arba'in da biyu ita kaɗai ta dubi aikina. Duk sauran gutsuren gilashi suka duba.

Ranar Talata na rungumi madubin na shiga da shi ofishin Fikri, na dire kan takardunsa. Ya leƙa, ya goge tabarau, ya sake leƙawa, ya daɗe.

"Kai Basudane, shekara tara kana ciyar da mu raƙumi da sunan kaza?"

Na ce, "Shekara tara kai ma kana sa hannu, Dakta."

Na ɗauka a nan zan ji ranar jirgina na komawa gida. Sai mutumin ya kama dariya har da buga tebur. Ya ce bara wani babban malami da aka gayyato ya tsaya kan gilashin nan yana gyaɗa kai, yana yaba kyawun kazar.

An ba Zuwaina makinta, ta haye. Sauran ma an bar musu nasu, tunda mu muka koya musu ƙarya. A rahoton, Fikri ya rubuta kuskuren sashe ne, bai sa sunana ni kaɗai ba. Ban so in ga alherinsa ba, amma na gani, dole in faɗa.

Uban yarinyar ya zo da dabino da madarar raƙumi cikin jarka. Ya ce ya ji labarin ni ne mutumin da ba ya bambance raƙumi da kaza, in ina so in zo garke ya nuna mini. Na sha madarar duk da haka.

Jiya aka sa hannu a kwantiragin, ba a jira ashirin ga wata ba, amma da sharaɗi: sai na duba gilasan sashen duka, dubu biyu da ɗari shida, ɗaya bayan ɗaya, kafin in tafi hutu. Don haka kada ku jira ni a Yuli, sai Agusta. Ki yi haƙuri, ki ba yara haƙuri.

Tun kafin a sa hannu na fara, yau kwana uku. Ɗazu na ci karo da wani gilashi an rubuta masa hanjin akuya, alhali ƙodar zomo ce. Rubutun ba nawa ba ne, hannun Dakta ne. Na kai wa Fikri kan teburinsa tare da shayi, na zuba masa sukari cokali uku.

Ki gaida Hajiya da yara.
Naki har kullum,
Mirgani Babikir